Ke Kin Riga Kin Saba

Bushra tana aji biyu a jami'a, tana karatun kemistiri, lokacin da ƙafafun mahaifinta, Malam Goni, suka fara kumbura. A Gashua ba sai likita ya yi dogon bayani ba, don da wuya ka samu unguwar da ciwon ƙoda bai taɓa shiga wani gida ba. Malam Goni mai sayar da busasshen kifi ne. 'Ya'yansa biyu ne suka rayu: Mu'awiya, wanda ya gama karatu ya samu aikin gwamnati a Damaturu, sai Bushra, wadda daga gida take zuwa makaranta.

Likita ya ce sai an riƙa kai shi wankin ƙoda a Nguru, sau biyu a mako. Mu'awiya ya zo aka zauna. Ya ce shi sabon ma'aikaci ne, in ya fara yawan neman izini za a sa masa ido. Mahaifiyarsu, wadda har 'ya'yanta Gogo suke ce mata, ba ta iya karanta takardar magani ba, ga shi mota tana sa ta jiri. Babu wanda ya buɗi baki ya ce wa Bushra ta ajiye karatu. Kallonta kawai aka yi.

"Zango ɗaya za ki jingine," in ji Mu'awiya. "Kafin nan na zauna da gindina a ofis, sai in karɓe ki."

Zango ɗaya ya zama shekara uku. Ta san direbobin tasha da sunayensu, ta san wanda zai yarda ya ba su kujerar gaba. Ta koyi girki babu gishiri babu magi, ta koyi auna ruwan da Baba zai sha a wuni, ta koyi roƙon samarin unguwa su ba da jini ba tare da ta ji kunya ba. A kan bencin asibitin Nguru ta ga hotunan 'yan ajinsu a waya, sanye da kakin bautar ƙasa. Mu'awiya kuwa yana zuwa da Sallah, ya kawo lemo da shinkafa, ya yi wa Baba sannu, ya koma. A cikin shekarun nan ya yi aure.

Malam Goni ya rasu a cikin mota da damina, suna dawowa daga Nguru, an ɗan wuce Jajimaji. Kansa yana kafaɗarta ta ji nauyinsa ya canza. Ta ja rawaninsa ta rufe masa fuska, ba ta gaya wa kowa ba sai da motar ta tsaya a Gashua.

Bayan arba'in ta koma jami'a neman gurbinta. Aka ce ta wuce wa'adin da aka yarda ɗalibi ya jingine karatu, an cire sunanta. Tana fitowa ta haɗu da Malam Aondona, mutumin Binuwai da ya koyar da ita a aji ɗaya. Bai gane ta ba sai da ta faɗi sunanta.

"Ke ce wadda ta riƙa gyara mini lissafi a allo? Ina kika shiga?"

Ta gaya masa a taƙaice. Ya ce akwai wata babbar jami'a a Kudu da takan karɓi ɗalibai daga wasu jami'o'in, amma ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu ko uku a sashe, kuma sai an yi jarrabawa an zauna gaban malamai.

"Ba zan yi miki alkawari ba," ya ce. "Amma sakamakonki ya isa a duba shi. Ki koma ki karanta, ni zan rubuta musu."

Ta fito da tsofaffin littattafanta, wasu gara ta ci gefensu. Wata biyar tana karatu a ɗakin da Baba ya yi jinya. Ta yi tafiyar kwana biyu a mota ta rubuta jarrabawar. Wata farfesa ta tambaye ta abin da ta yi da shekarun da suka ɓace, ta ce jinya. Matar ta gyaɗa kai ta wuce zuwa tambaya ta gaba. Da sakamako ya fito an ɗauke ta, da sharaɗin ta maimaita aji biyu. Ko a jikinta.

Saura 'yan makonni ta tafi, ta ga Gogo tana fama da sa takalmi. Ta durƙusa ta danna yatsa a bayan ƙafarta. Wurin ya lotsa, bai tashi ba.

Asibiti ya tabbatar ita ma ciwon ƙoda ne, Mu'awiya ya sake zuwa. A zaure suka yi maganar, don kada Gogo ta ji.

"Ki rubuta musu su ɗaga miki zuwa baɗi," ya ce.

"Ba sa ɗagawa, Yaya. In ban je ba, an ba wani."

"To ya za a yi? Kin ga yanzu ina da iyali, ga aiki. Ke kin riga kin saba. Kin san likitocin, kin san hanyar."

Ta daɗe tana kallonsa. Fuskarsa babu mugunta, gaskiyarsa yake faɗa, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Kai ma za ka saba," ta ce. "Ni ma ba da sabon aka haife ni ba."

"Uwarki ce fa, Bushra."

"Kai ma ita ta haife ka."

Ta sa shi dole ya bi su Nguru sau ɗaya. Ta nuna masa inda ake karɓar kati, da ma'aikaciyar jinyar da ta iya samun jijiya, da abin da zai yi in jinin Gogo ya sauka. Yana bin ta yana amsa waya.

Ranar tafiya ta shiga ɗakin Gogo ta durƙusa. Tana so a ce mata ta tafi, ko a ce kada ta tafi, ko ma a zage ta. Gogo tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Gogo, zan wuce. Ki yafe mini."

"Allah ya ba da abin da aka je nema," ta ce, ba ta juyo ba.

Jami'ar ta kai yadda ake faɗa. Akwai na'urorin da a da sai dai ta gan su a hoton littafi, ga shi yau hannunta a kansu. 'Yan ajinta yara ne, suna ce mata Anti, suna zuwa ta yi musu bayani kafin gwaji. Kullum bayan magariba sai ta kira gida. Gogo takan ce da sauƙi, ta miƙa wayar ga wadda ke kusa da ita. Daga bakin maƙwabciyarsu ta ji cewa wankin ya koma sau ɗaya a mako, wani makon ma ba a je ba. In ta kira Mu'awiya sai ya ce an yi baƙi a ofis, amma jibi da yardar Allah.

Ana tsakiyar jarrabawar zangon farko Gogo ta rasu. Kafin Bushra ta iso an daɗe da binne ta.

Ta zauna a tabarma cikin mata tana amsa gaisuwa. Wata tsohuwa da ba ta san ta ba ta tambayi ta kusa da ita wace ce wannan, aka ce mata, "'Yar ce, wadda ta tafi boko ta bar ta." Ba a ma rage murya ba. Daga waje tana jin maza suna sa wa Mu'awiya albarka, yaro ya yi ƙoƙari, daga Damaturu yake tasowa ya kai uwarsa asibiti. Babu wanda ya ambaci jinyar Malam Goni.

Bayan sadakar bakwai ta tare Mu'awiya a ƙofar gida.

"Yaya, sau nawa ka kai ta?"

"Kada ki fara," ya ce. Idanunsa sun yi ja, ya rame. "Na yi iya yina. Ke da kika iya, ina kike?"

Ta san da tana nan da Gogo ta ƙara wata shida, wataƙila shekara. Ta kuma san da an mayar da ita zauren nan, tafiyar za ta sake yi.

Washegari ta hau mota. Jami'a ta bar ta ta rubuta jarrabawar darussan da suka wuce ta. Bayan shekara uku ta gama da sakamako mafi kyau a sashensu, aka riƙe ta koyarwa. Malam Aondona ne kaɗai ya kira daga Gashua ya taya ta murna. Mu'awiya ya sayar da gidan ya aiko mata da rabonta. Suna gaisawa da Sallah, a waya, su tambayi lafiyar yara da aiki, sai ɗayansu ya ce ana kiransa.