Dodanni Biyu a Ɗakin Kaka

Tun hantsi nake kan teburin kicin da almakashi, ina yanka wa 'ya'yana fuskokin takarda na bikin Halowin. Effie ta ce mayya take so, mai koren hanci. Torkil kuwa ya shafe tasa da baƙin fenti har gwiwar hannunsa.

A tsibirinmu, ranar wannan biki yara kan rufe fuska su bi gida-gida, sai an canki sunansu kafin a ba su tuffa da gyaɗa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, domin mahaifiyata ta fara ruɗewa. Wata biyu ba ta kira ɗayanmu da sunansa ba.

"Mama, mu fara da Kaka!" in ji Effie.

"Ku ƙyale ta ta huta," na ce, amma sun riga sun rufe fuska sun tura ƙofarta.

Na bi su, ina jiran in ji ihu. Tana zaune gaban murhu da bargo a cinya. Ta dubi dodannin, sannan ta kalli ƙafafunsu.

"Kai Torkil, ja'iri, wa za ka ruɗa? Ka tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe! Ke kuma Effie, ina kika taɓa ganin mayya da safa daban-daban?"

Yaran suka hau tsalle. Na jingina da ƙofa na yi ajiyar zuciya.

Sai ta ɗago ta harare ni. "Ke Catriona, kin tsaya kallona. Ina tuffarsu?"