Ɗaya Sandar Tarun

Baffa Yelwa ne ya fara gani. Haka yake faɗa, kuma ba ya jira a tambaye shi. Tun ranar da tifa ta farko ta sauko daga titin Abuja ɗibar yashi, tun Keffi ba ta da jami'a, ya ce wa mutane abin nan ba zai tsaya a yashi ba, sai ya taɓa bikin Tafkin Kunkuru. Aka yi masa dariya. To, ina masu dariyar yau? Shi dai ga shi nan da ransa. Ciwon bushiya ya share masa garke, ya sake tara wani. Mota ta kife da shi a hanyar Akwanga, ya fito da sandarsa a hannu. Bai taɓa zama a aji ba, amma a cewarsa babu mai karatun da ya kai shi sanin ruwa.

Tafkin na tsakanin al'umma biyu ne. Ta gabas rugar su Yelwa, ta yamma ƙauyen manoma mai coci ɗaya. Shanu na sha, manoma na cin kifi. A tsakiyar ruwan akwai wani dutse, idan bazara ta yi ruwa ya ja baya, sai bayansa ya fito kamar na kunkuru. Daga nan ake sa ranar su, wato kamun kifi. Kuma ba mai tsoma ƙafa sai an buɗe ruwa: mutum ɗaya daga ruga, ɗaya daga ƙauye, kowa ya riƙe sanda ɗaya ta tsohon taru, su shiga tare su ɗago kifin farko. Ma'anarsa makiyaya sun yarda a dagula musu mashaya. Bayan haka sai kiɗa, sai kowa ya faɗa ruwa, mata na sayar da fura da nono a nan, ana gasa doya a can.

Tun suna da baƙin gashi Yelwa da Natan ke riƙe sandunan nan. Natan, mutumin ƙauyen, gajere ne, mai yawan dariya, kuma shi kaɗai ke iya katse Yelwa a tsakiyar cika baki.

Da Abuja ta buɗe baki, sai ta haɗiye samarin ɓangarorin biyu. Wasu gadi, wasu ofis, wasu acaɓa a Mararaba. Bazara ta zo, yaransu na makaranta, bikin ya zama na tsofaffi da 'yan mata ƙalilan. Sai ƙungiyar 'yan garin mazauna Abuja ta yanke a mayar da shi watan Agusta, lokacin dogon hutu, yara su ga gida. Ba mugun nufi suka yi ba. Amma Agusta tsakiyar damina ce, dutsen na can ƙarƙashin ruwa, kifi na ɗauke da ƙwai. Yelwa ya ce sai dai a yi ba da shi ba.

Ana jibi biki, da hantsi, Natan ya zagayo tafkin a ƙafa. Ya rame, wandon ma sai da igiya. Salamatu, matar Yelwa, ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo nono.

"Fillo," in ji Natan, "an ce ka tsufa, ruwa kake tsoro."

"Ni? Kai maci doya, wa ya ciro ka shekarar da taɓo ya riƙe ka har ƙugu kana kiran uwarka?"

"Saniyarka ce ta ciro ni. Kai wutsiyarta kawai ka miƙo."

Suka yi dariya har Natan ya kama tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Zo mu buɗe musu. Ba sai mun yi nisa ba, iya gwiwa. Mu jiƙa tarun, yara su gani."

"Ka ga kunkuru ya fito?"

"Ban gani ba."

"To me zan buɗe? Ubana bai shiga ruwan damina ba, ubanka bai shiga ba. Don wasu masu takalmin gilashi sun samu hutu sai tafki ya bi kalandarsu? Ku jira bazara. Ranar da dutsen ya leƙo, ni zan riga ka zuwa."

Natan ya juya ƙwaryar nonon a hannunsa. "'Yata Catherine ta zo. Ana gama biki za ta tafi da ni Nyanya, wai kusa da asibiti. Bazarar nan ba lallai ta same ni a nan ba."

"Kai ɗin? Kai da ko maciji ya sare ka shi ke mutuwa? Bar wannan zance. Ka je 'yarka ta ɗura maka shayi, ka dawo da ƙiba mu ja taru."

Natan bai ƙara roƙo ba. Ya shanye nonon, ya yi wa Salamatu godiya, ya kama hanya a hankali.

Ranar biki tun da safe lasifika ta fara tashi. Yelwa ya zauna ƙofar bukka da babbar riga, yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Salamatu ta wuce da ƙwarya, ta dube shi ta ce, "Malam, gajeren wandon shiga ruwa nake gani a ƙarƙashin rigar nan."

"Na wanki ne sauran."

"Ka tashi ka je mana. Mutumin nan da ƙafarsa ya zo."

"Sau ɗaya ya zo. Mutum irina ba a kiransa sau ɗaya. Bari ki gani, yanzu za su turo mota."

Motar ba ta zo ba. Da rana ta ɗaga ya ce zai duba maruƙa, ya hau tudu ya tsaya bayan wata ɗorawa. Daga nan ana ganin komai. Rumfuna, kujerun roba, yara da riguna iri ɗaya suna ɗaukar hoto da waya. Ruwan ya cika ya yi ja. A bakinsa ga Natan tsaye, riƙe da sanda ɗaya ta tarun, ɗayar tana kwance a ƙasa. Wani saurayi daga ruga ya sunkuya zai ɗauka, Natan ya girgiza kai. Lokaci-lokaci yana waiwayen burtalin da shanun ruga ke bi su sauko.

Sauka kawai Yelwa zai yi. Ƙafarsa ma ta motsa. Sai ya ji mai lasifika yana cewa tsoho ɗaya ba zai tsayar da ci gaba ba, jama'a suka tafa. Ya mayar da ƙafar inda take.

Daga ƙarshe aka sauke wata babbar roba daga bayan mota, cike da tarwaɗar kiwo da aka sayo a Sabon Gari. Aka juye a gefen ruwa cikin raga, yara suka yi ta kamawa suna ihu. Sun ji daɗi, wannan ko Yelwa bai musa ba. Catherine ta zo ta kama hannun ubanta, ya naɗe tarun da kansa, ta kai shi mota.

Washegari ɗan acaɓa ya kawo tarun ruga. Ya ce Baba Natan ya ce a ajiye masa sai bazara.

Ana saura kwanaki Kirsimeti aka kawo Natan gida a akwati. Yelwa ya je gaisuwa. Catherine ta durƙusa ta ce, "Baffa, har ya daina gane mutane yana tambaya ko kunkuru ya fito." Yelwa ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya nemi takalminsa. A hanyar dawowa bai yi wa kowa labarin bushiya ba.

Bazara ta zo, dutsen ya fito, daidai lokacin da ya ce. Shi ya fara gani. Ya sa gajeren wando, ya saɓi tarun ya sauka. Ya kafa sanda ɗaya a taɓo, ya ja ɗayar, wadda ya kafa ta faɗi. Ya sake kafawa, ta sake faɗuwa. Taru ba ya janyuwa da mutum ɗaya. Ya fito ya zauna a bakin ruwa har wandon ya bushe a jikinsa.

Yanzu an kewaye gefen yamma da bulo, an ce gidaje za a yi. Bikin Agusta ma ya mutu da kansa. Yelwa na nan, duk wanda ya zauna kusa da shi a kasuwar shanu sai ya ji cewa shi ne ya yi gaskiya, ba a buɗe ruwa da damina, kuma bai buɗe ba. Idan ya ga mutum ya zuba masa ido, sai muryarsa ta ɗaga.

"Kana shakka? To bazara na zuwa. Tarun na nan a rataye, ban bar ɓera ya taɓa shi ba. In ka isa, ka zo bakin tafki da sassafe ka kama ɗaya sandar. Ka zo mana. Ni ina can."