Tsinke Uku Don Batirin Jif

Hadiyya za ta wuce shanya ta hango guntun icce a cikin gaban jif ɗin yayanta Dalhatu. An cusa shi ne a gefen tsohon batirin don kada ya riƙa rawa, domin gurbin ya fi shi girma. Ta gani, ta wuce abinta.

Batirin ya mutu tun safe, kuma gobe ne sunan ɗan Basira, yayarsu da ke aure a Isa. Jikan farko ke nan ga Inna Fatu, wadda ciwon gwiwa ya raba ta da hawan babur. In motar ba ta tashi kafin la'asar ba, tafiya ta fasa, don babu mai bin hanyar nan da yamma. Inna kuwa tun hantsi ta ci ado, tana zaune a kan tabarma da ƙullin kayan jariri a cinya.

Ƙaninta, Kawu Na'Allah, dillalin raguna ne. Ya leƙa gaban motar ya girgiza kai.

"Wanga ɗan tsurut ɗin ka ja jif? Ku bar ni da kasuwa."

Ya tafi kasuwar Sabon Birni ya zaɓi batir yadda yake zaɓen rago. Ya ɗaga wannan, ya jinjina wancan, ya ɗauko wanda ya fi rinjayar hannu. Da ya dawo, sai da su biyu, shi da Dalhatu, suka sauke shi daga babur.

Batirin ya ƙi shiga. Suka juya shi, suka karkata shi, ya zauna ɗare-ɗare a bakin gurbin, murfin gaba ya kasa rufuwa. Wayoyin ma ba su kai kawunansa ba.

"Na'Allah," in ji Inna tana dariya har da hawaye, "layya za mu yi da shi ko Isa za mu?"

"Yaya, motar ce ba ta da ciki. Batir kam lahiya lau!"

Dalhatu ya ce zai kai tsohon a ba shi irinsa. Nan Hadiyya ta dubi guntun iccen nan, don tsohon ma ba daidai yake ba. Ba ta saba magana a gaban Kawu ba. Sai ta tuna yadda Inna ke auna ƙafafunsu da tsinken tsintsiya in Sallah ta matso, ta ba mai zuwa kasuwa ya sayo takalma.

Ta zaro tsinke uku. Ta karya ɗaya daidai tsawon gurbin, ɗaya daidai faɗinsa, na ukun daga ƙasa zuwa inda murfi ke sauka. Ta ɗaura jan zare a ƙarshen dogon, ta ɓangaren da jar waya take.

"Yaya Dalhatu," ta ce a hankali, "gurbin za a auna, ba tsohon ba. Ka hwaɗa wa mai shago irin motar, shi ba ka mai ƙarhin da ya dace da injin."

"Takalmin Sallah za ni sawo wa jif ke nan?" ya ce, amma ya sa tsinkayen a aljihu.

Ya dawo bayan azahar da batir matsakaici. Ya ce mai shagon ya sha dariya, sannan ya bi batiransa da tsinke ɗaya bayan ɗaya har ya sami wannan. Batirin ya zauna a gurbinsa cif, ba icce ba dutse. Dalhatu ya ɗaure wayoyi, ya rufe murfi, ya murɗa makulli.

Jif ta ɗauka tashi ɗaya.

Inna ta rangaɗa guɗa, ta manta da gwiwa ta miƙe da kanta. "Ɗiyata, kin kai ni Isa! Taho ki zauna kusa gare ni."

Hadiyya ta rufe fuska da mayafi tana murmushi. Tana shiga motar ta waiga. Kawu Na'Allah ya sunkuya ya tsince tsinkayen da Dalhatu ya yar, ya dube su, ya soke su a naɗin hularsa. Ya tura babur ɗinsa har ƙofar gida, ya hau ya tafi.