Rakiyar Na'ibi

"Baba, ka kwanta. Ga mutanen asibiti nan hawowa."

Na'ibi ya harari 'yarsa Mastura. Bai kwanta ba.

Gwamnati na duba tsofaffin 'yan ƙasa har gida, kyauta, amma sai likita ya tabbatar mutum ba ya iya fita. Na'ibi haifaffen Jidda ne. Takardunsa lafiya lau, gwiwoyinsa ne suka ƙi. Gidansa na can ƙololuwar bene a unguwar Sharafiyya. Duk ranar asibiti sai Mastura ta bar aikinta a Abhur, kuma shugabanta ya ce in ta ƙara, halas, a bakin aikinta.

"Don Allah in an tambaye ka, ka ce da ciwo."

"Ni? A gaban baƙi?"

Likita Rana ta shigo tare da Turki, ma'aikacin jinya. Suka same shi tsaye cikin farar jallabiya, riƙe da butar gahawa.

"Ya ammi, ina ke ciwo?" in ji likitar, tana kiransa baffa da Larabci.

"Babu."

"Gwiwa fa?"

"Ƙarfe. Na yi dakon buhu a kasuwar Balad tun ba a haifi ubanki ba."

"Masha Allah. To wannan tsarin na raunana ne, ba irinka ba."

Na'ibi ya gyara tsayuwa. Mastura ta shige kicin.

Da baƙin suka miƙe, ya zura takalmi.

"Baba, ina zuwa?"

"Rakiya. Ba a sallamar baƙo daga bakin ƙofa."

Shi ne a gaba, leɓe a cije, har bakin mota. Ya yi musu addu'a. Sannan ya juyo ya ɗaga kai ya dubi matakalar. Ya daɗe yana dubanta. Sai ya zauna a ƙasa.

Turki ya fito daga mota. "Lafiya, ammi?"

"Iska nake sha."

Ana tsananin zafin rana, ko kyanwa babu a titi.

A kujerar roba ta mai kanti aka mayar da shi sama, Turki a gaba, direba a baya, suna nishi.

"A hankali," in ji Na'ibi. "Mutum kuka ɗauko."

Likitar ta iso bayansu tana haki. "Ammi, za mu riƙa zuwa duk mako."

Mastura ta kafe uban da ido. Na'ibi ya kakkaɓe jallabiyarsa.

"Ba ni da ciwo," ya ce. "Amma ba na korar baƙo."

Ya leƙa matakalar.

"Mastura, raka su."