Ranar da Aka Kulle Madafin Zawiyya

Ni Ladi, ban taɓa ganin alherin da ya kusa rushe ɗaki ba sai na Malam Abdu. Shi ne halifan zawiyyar garinmu, yamma da Tanut, kuma Yaya Rakiya ce ta goye shi yana jariri. Ita ce uwar madafin zawiyyar, shekara arba'in tana tuƙa tuwon baƙi, ni ƙanwarta ina iza mata wuta tana yi mini faɗa.

Kakanmu Ɗan Azumi magini ne ya gina madafin, tun Nasara ba su zo Damargu ba. Bakan gizo biyu na laka, masu ɗauke rufi, ya gitta a sama, ya jera azarar goruba da aka ɗauko daga kwarin Tarka a kan raƙuma. A tsakiyar rufin ya dasa wuyan tulu don hayaƙi ya fita. Murhu uku ne a ciki, da alkuki bakwai a bango, kowanne da abin da ake ajewa, kuma in kika sa gishiri a na daddawa, ranar kin shiga uku da Yaya. Bangon gabas kuwa duk zane ne. Shehun zawiyyar na farko ya hana a zana mai rai, sai kaka ya zana sawun raƙumi, da ƙafar zabo, da muciya da ludayi a gicciye. Ya ce ai sawu ba ya numfashi. Kunkunniya ta rufe komai, baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar gindin tukunya.

Shekara uku bayan samun 'yancin kai tari ya kama Yaya, idonta kuma ya fara hazo. Malam ya sa aka kai ta wurin likita a Tanut. Likita ya ce hayaƙi ne, in ba ta bar shi ba zai gama da ita. Shi ke nan fa! Bayan girbi Malam ya sa aka kafa mana rumfar kwano a tsakar gida, iska ta ko'ina. Ya sa aka share tsohon madafi tas, ya sayo kwaɗo ya kulle.

Ya ce, "Inna, ɗakin nan ya yi aikinsa. Gadon kakanni ne, a bar shi ya huta, ke ma ki huta."

Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya yi albarka, Malam." Yaron da ta wanke wa kashi, yau ya zama halifa, wai ba za ta musa masa ba. Ni kuwa gaskiya murna na yi, don idona ma ya gaji.

Damina biyu suka wuce. Na lura kullum da safe Yaya sai ta je ta jingina kunne da ƙyauren tsohon madafin, ta daɗe a tsaye. Na ce, "Yaya, aljanun ciki ne suke gaishe ki?"

Ta ce, "Ke dai ba ki da kai. Zo ki saurara."

Na kara kunne. Wani ɗan sauti nake ji, ƙus-ƙus, kamar ana taunar gero a nesa.

Ta ce, "Ƙwaro ne da gara. Hayaƙin nan shi ke korar su tun zamanin kaka. Ɗakin nan in ba a dafa abinci a ciki ba, cinye shi za su yi. Wata damina ɗaya, rufin zai zauna."

Na ce, "To ki gaya wa Malam mana!"

Ta ce, "Don ni ya yi. Da wane baki zan ce masa alherinsa ɓarna ne?"

Sai na ga hawaye a idonta. Matar da ta binne miji da 'ya'ya biyu ban ga ta yi kuka a gaban mutane ba, yau tana kuka a kan azara. Raina ya ɓaci ƙwarai, ya ɓaci da ita, ya ɓaci da ni da na yi shekara biyu ina murna.

Ni dai ba a goya kowa a bayana ba. Na yafa gyale na nufi zaure, na tarar da Malam da baƙi daga Belbeji. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni mabuɗi."

Ya ce, "Gwaggo Ladi, lafiya?"

Na ce, "Ina fa lafiya! Kun kulle ɗaki don ya huta, gara ta samu gidan haya. Ku karatu kuka sani, mu hayaƙi muka sani. Taso ka gani da idonka."

Baƙin suka sunkuyar da kai, ɗaya yana danne dariya da rawani. Malam ya miƙe, ya aika a kira Garba magini.

Da aka buɗe ƙyauren, sai muka leƙa ciki. Daɓen da aka bari a share ya rufe da wani gari ja-ja, tsibi-tsibi, a ƙarƙashin kowace azara. Gara ta ja hanyarta ta laka daga ƙasa, ta bi ta kan sawun raƙumin kaka, ta haye rufi. Garba ya taka turmi ya soka wuƙa a azara ɗaya, ta shige kamar a cikin kabewa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa.

Ya sauko ya ce, "Huɗu sun tafi, sai an sake su. Bakan gizo bai taɓu ba tukuna. A kankare hanyar garar, a hura wuta kullum, safe da yamma, da ɗanyen itace da kashin shanu. Ku share daɓe kowace yamma. Ranar da kuka wayi gari babu gari a ƙasa, ɗaki ya tsira. In ya ci gaba da zuba har damina, ku fitar da tukwanenku."

Malam ya juya wurin Yaya. "Inna, kin sani, kika yi shiru?"

Ta ce, "Ai saboda Allah ka yi shi, ɗana."

Ya ce, "To a hura. Amma ke ba za ki shiga ba. Wannan kam ban janye ba."

Wa ya rage? Ni. Na koma cikin hayaƙi, ina tari ina tsine wa gara da kakannin gara. Yaya kuwa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, daga nan take mulki. "Ladi, itacen nan ya bushe da yawa, wuta kike yi ko hayaƙi?" "Ladi, murhun tsakiya fa?" Ido ba ya gani sosai, amma hanci na aiki. Kowace safiya kafin ta amsa gaisuwata sai ta ce, "Ya zuba?" In ce ya zuba. Sai ta ja carbinta.

Haka muka yi wata uku. Garin azarar yana raguwa, ya dawo, ya ragu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Garba ya zo sau biyu ya duba sama ya tafi. Yaya ta daina cin abincin kirki.

Wata safiyar Laraba na buɗe ƙyaure, na duba, na sake dubawa. Na fito na ce, "Yaya, yau babu."

Ta ce, "Ƙarya kike. Tausayina kike ji."

"Ni? Yaushe na fara?"

Ta aje carbi, ta rarrafa ta haye dokin ƙofa, ta shiga. Ta bi daɓen da tafin hannu, daga murhun farko har bangon gabas, tana shafawa tana murza yatsu. Ta kai kusurwa ta dawo. Sannan ta zauna dirshan a tsakiyar ɗakin, ta ɗaga hannun kusa da idonta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Hura wutar, ina nan."

Na hura. Hayaƙi ya tashi, ta fara tari, tana tari tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Daidai nan Malam ya biyo ta tsakar gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga tabarma babu kowa, ya leƙo ya gan ta. Na riƙe muciya ina jiran faɗa. Sai ya tuɓe takalmansa, ya sunkuyo ya shigo, ya zauna kusa da ita a ƙasa, da farar rigarsa.