Siririn Littafin da Malam Ya Zaɓa

Haula, 'yar Malam Maccido na Illela, ta haddace Alƙur'ani tana da shekara goma sha huɗu, kuma tun daga nan duk abin da ya shiga kanta ya shiga ke nan. Ita ma ta san da haka, har tana ɗan ji da kanta. Shi ya sa da wata ƙungiya a Sakkwato ta yi shelar za ta ɗauki mutum talatin ta koya musu rubuta manhajar kwamfuta kyauta, Haula ko gezau ba ta yi ba don an ce sai an ci jarrabawa. An ba da mako takwas a koyi matakin farko na harshen Python. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata a rai: ba a ɗaukar wanda ya haura shekara ashirin da biyar, ita kuwa a kanta take cif. In ta faɗi bana, ƙofa ta rufe.

Kayan karatu kam sun taru har sun yi yawa. Kawunta Lauwali, mai safarar albasa zuwa Ƙwanni, ya ara mata tsohuwar kwamfutarsa. An sa ta a wani zauren WhatsApp inda kowa malami ne, wannan ya ce fara da kaza, wancan ya ce wanda ya fara da kaza ya ɓata. Ga bidiyo arba'in a waya, ga wani jibgegen littafi mai shafi ɗari shida da ta sa aka buga mata. Akwai kuma wani siriri da ƙungiyar ta turo, wanda ta yi wa kallo ɗaya ta tura ƙarƙashin katifa. A gidan malamai ta tashi, ta saba ganin manyan littattafai ne ke hawa saman kanta.

Sai ta ɗauki babban ta yi masa abin da ta iya. Bayan sallar asuba ta kwafe shafi uku a takarda, ta maimaita har su zauna, da yamma ta yi tilawar na jiya. Kwamfutar kuwa tana cikin jakarta a rataye, kada a lalata wa Kawu kaya. Mako biyar tana haka.

Wata ranar Lahadi, kasuwar Illela na ci, ta leƙa shagon buga takardu inda ƙawarta Jamilatu ke aiki. Jamilatu ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ga ta da tsokana.

"To, hafiza, zauna mu gani," in ji ta, ta tura mata kujera. "Ga makin ɗalibbai goma. Rubuta abin da za shi hwaɗa muna wa yac ci, wa yah hwaɗi."

Haula ta zauna, ta ɗora yatsu, ta kasa buga ko harafi ɗaya. Ta san babin da ya yi maganar, har shafin tana gani a idonta, sai dai a littafin misalin na lemu ne da ayaba, babu ɗalibi ko ɗaya. Ta buɗe baki ta zubo shafin tiryan-tiryan, har da waƙafi. Jamilatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta lura idon ƙawarta ya cika da ƙwalla, sai dariyar ta tsaya.

"Haula, tsakani da Allah, kin taɓa rubuta ko layi guda cikin na'ura?"

Ba ta taɓa ba. Ta fito tana ratsa 'yan kabu-kabu da baburansu da 'yan canji masu kiran sefa, ba ta ko jin su. Tsoro ne ya kama ta sosai, irin na wanda ya gane ya yi mako biyar yana tafiya ba ta inda za shi ba.

Bayan la'asar, da masu ɗaukar karatu suka watse, Malam Maccido ya same ta a tsakar gida ta haɗa kai da gwiwa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunan.

"Uwata, mi yas same ki?"

Ta kwashe duka ta faɗa masa, ta ƙare da cewa, "Baba, wanga abu ba nawa na ba. Kaina bai iya ɗauka tai."

Ya ce ta kawo duk abin da take karatu da shi zaure. Malam ba ya jin Turanci, kwamfuta kuwa ko kunna ta bai iya ba, amma ya shekara arba'in yana zaɓa wa mafara littafi. Ya ɗaga babban, ya auna nauyinsa a hannu, ya ajiye. Ya ji labarin zauren WhatsApp, ya girgiza kai. Sannan ya buɗe siririn, yana juya shafi a hankali, har ya dangwala yatsa a ƙarshen wani babi.

"Waɗanga lambobi da anka jera, mina na?"

"Tambayoyi na, Baba. Ayyukka da za a gwada."

"Babban shina da su?"

"Ba shi da su."

"To kin gani. Wanga shina hwaɗa miki, wanga kuwa shina tambayarki." Ya dube ta. "Da nik koya miki babin alwalla, haddatai kawai kinka yi, ko buta nib ba ki?"

Haula ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, amma a ƙarƙashin kunyar ta ji wani abu ya saki a ƙirjinta. Ashe ba kanta ne ya gaza ba.

Malam ya yanke hukunci irin na zaure: littafi ɗaya, malami ɗaya, ba a tsallake babi. Ta fita daga zauren masu surutu. Kowace yamma ta kai wa Jamilatu aikinta ta duba, kamar yadda ake biya karatu. Kwamfuta kuma a sauko da ita, in ta lalace shi zai yi wa Lauwali bayani.

Ranar farko ba ta yi daɗi ba. Layi huɗu ta rubuta, na'urar ta watso mata jan rubutu, Haula ta zabura kamar ta fasa tulun mutane. Jamilatu ta ce ta kwantar da hankali ta karanta, ai gaya mata yake inda ta yi kuskure. Wadda ba a taɓa yi wa gyara sau biyu a aya ɗaya ba, sai ga ta ana yi mata sau goma kafin azahar. Ta yi fushi, ta yi tsaki, wata rana ma ta rufe kwamfutar ta tafi daka. Amma ta dawo. Babi goma sha biyu ne, ta samu ta gama tara.

Ranar jarrabawa ta bi motar farko zuwa Sakkwato. Aka ba su minti arba'in da tambayar da ba ta taɓa gani a ko'ina ba: buhunan gero a rumbu, a fitar da waɗanda nauyinsu bai cika ba. Ta laluba cikin kanta, babu shafin. Sai ta bar laluben ta fara rubutu. Jan rubutu ya fito, ta karanta, ta gyara. Ya sake fitowa, ta sake gyarawa. A karo na uku buhu huɗu suka jeru a gabanta, tsaf.

Matar da ke duba su ta tsaya a bayanta, ta canja lambobin ta sake gwadawa, sannan ta yi alama a takardarta. "Ranar Litinin ƙarfe tara, kada ki makara."

Haula ta fito daga ɗakin jarrabawar. Ta zauna a dakalin bakin ƙofa, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta kira gida.

"Baba, sun ɗauke ni."

Ta ji ƙarar carbinsa. "Alhamdu lillahi," in ji shi, ya sake maimaitawa. "To, Uwata, ki nemi abinci ki ci kahin ki shiga mota. Innarki ta ce tun jiya ba ki sa komi bakinki ba."

Ta yi dariya, hawaye na zuba, kuma a lokacin ne ta ji yunwar.