Awa Ɗaya da Rabi a Littafi

Noti na uku ke nan ya karye a hannun Orville Tate, amma ko tsaki bai yi ba. Ya ajiye sufana, ya kakkaɓe tsatsar da ta zubo masa a gira, ya dubi agogon bango. Sha ɗaya saura. Tun takwas yake ƙarƙashin wannan tsohuwar a-kori-kura, 'yarsa Janelle na riƙe masa fitila.

"Awa nawa littafi ya ce?"

"Ɗaya da rabi, Baba. Sau uku ke nan kana tambayata."

Da gangan yake tambayar. A garejin nan na Toledo ba agogo ake bi wajen biyan bakanike ba. Akwai littafin da ya yanka wa kowane aiki lokacinsa. Canza bututun birki awa ɗaya da rabi ne, ko ka gama a minti arba'in, ko ka wuni a kai. Wanda ya rubuta littafin kuwa, da gani bai taɓa shiga ƙarƙashin motar da ta shekara goma sha biyu tana shan gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara ba.

Takardar neman bashin karatun Janelle tana ninke a aljihunsa. Makarantar koyon gyaran mota, wata goma sha takwas, dala dubu talatin da shida. Banki ba zai bai wa 'yar shekara sha tara wannan kuɗi ba sai uba ya sa hannu, kuma yau ne ranar ƙarshe. Shi ma irin makarantar ya yi. Shekara ashirin ke nan, har yau duk wata ana zare masa dala ɗari biyu da goma na bashin. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Shi ya sa ya kawo ta ta wuni ta gani da idonta, har ya roƙi mai rabon aiki ya ba shi motar da kowa ke gudu.

Da rana suka zauna kan tayoyi suna cin burodi da nama mai sanyi. Ruiz, bakaniken da ke aiki gefensa, ya zo yana goge hannu.

"'Yammata, me aka ce miki a makarantar? Dala talatin a awa, ko?"

"Haka suka rubuta."

"Gaskiyarsu. Sun dai manta su faɗi awar wa. Kuma sun ce kayan aiki kyauta ne? Tambayi tsohon nan. Motar masu sayar da sufana bashi tana zuwa duk Talata, ta fi matarsa sanin albashinsa."

"Tafi ka ba mu wuri," in ji Orville, ba tare da ya ɗago ba. A ransa kuwa ya gode masa.

Suka koma. Noti na ƙarshe ya ƙi motsi, kafaɗar Orville kuma ta fara zogi. Janelle ta ce ya matsa. Ta gasa notin da wuta har ya yi ja, ta bari ya huce, ta ɗan ɗaure shi kafin ta kwance, yadda ta sha ganin yana yi a ƙofar gida. Notin ya yi ƙara ya saki. Ta juyo, fuska duk baƙin mai, tana dariya. Orville ya san wannan dariyar. Ita ce ta kai shi ya sa hannu a tasa takardar.

Ƙarfe biyar suka wanke hannu. Awa tara a tsaye, takardar aiki ta nuna uku da kwata, har da sauran 'yan ayyukan ranar.

"Na san kai ka zaɓi motar nan," in ji ta. "Ruiz ya gaya min."

"To, kin gani ai."

"Na gani. Har yanzu ina so."

Ya ciro takardar bankin, ta yi laushi da gumi. Ya daɗe yana kallon layin da aka bar wa sunansa.

"Ba zan sa hannu ba, Janelle. Ki yi fushi da ni, na yarda. Na yi magana da manaja, akwai gurbi a wajen juyen mai. Dala sha huɗu a awa, amma da agogo ake biya. Sauran ni zan koya miki, a kan motoci masu tsatsa."

Idonta ya cika, ta kawar da kai. Ya zare ƙaramin makulli daga ɗaurin makullansa ya miƙa mata, ya nuna babban jan akwatin kayan aikinsa.

Ta karɓa ba godiya. Ta jawo aljihun farko, sufanu a jere, kowanne a gurbinsa. Ta shafa su da yatsa.

"Waɗannan dai an gama biyansu, ko?"

Orville ya ɗauki jakar abincinsa.

"Saura wata bakwai," ya ce.